Motar Lantarki a Titin Katsina: Wa Zai Ɗauki Nauyin Batir?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana a jawabin rantsar da shi cewa tallafin man fetur ya ƙare, lissafin mai mota a Kano ya rikice. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta wuce 600 a watan Yuli, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Duk wanda ya san titin Katsina, daga Kurna zuwa Rijiyar Lemo har Bachirawa, ya ga abin da ya biyo baya. Magidanta da yawa sun jingine motocinsu a ƙofar gida an lulluɓe da tamfol, tayoyi na sacewa a hankali, sun koma babur ko adaidaita sahu. Ɗan kasuwar da a da ke fita Kwari ko Singa da mota kullum ya mayar da ita ta Juma'a da ɗaurin aure. A wannan yanayi ne zancen motar lantarki ya bar wayoyin samari ya shigo majalisun manya, har masu hali suka fara tambayar dilolinsu ko za a iya kawo musu sabuwa fil, ƙirar bana. Ra'ayina a nan shi ne motar tana da amfani a Kano, amfani na gaske, amma ga mafi yawan masu sha'awarta sayenta kai tsaye kuskuren lissafi ne. Hanyar da ta dace da mu ita ce haya ta tsawon lokaci, wadda kamfanin da ya kawo motar zai riƙe mallakarta, ya ɗauki nauyin batirinta da cajinta, a fara kuma da masu yawan zirga-zirga a cikin gari.

Motar ba baƙuwa ba ce a Najeriya kamar yadda ake zato. A ƙarshen 2020 kamfanin Stallion ya nuna Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas, a watan Fabrairun 2021 kuma aka ƙaddamar da ita a Abuja. A lokacin Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato wanda ya yi suna da zanen Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, shi ke shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC. Hukumar ta kafa tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021, ta kafa wasu a jami'o'in Legas da Nsukka. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya daɗe yana cire injin ƙananan motocin bas yana sa musu batir, gwamnatin Borno kuma ta zuba motocin haya masu lantarki a ƙarshen 2023. A watan Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta cire harajin VAT daga kan motocin lantarki, a 2025 kuma motocin BYD na ƙasar Sin, Atto 3 da Dolphin, suka shigo kasuwar Legas ta hannun wakili na hukuma. A duniya ma abin ya wuce gwaji: an sayar da sama da miliyan 17 a 2024, wato fiye da mota ɗaya cikin kowace biyar da aka sayar sabuwa, mafi yawansu a Sin.

Lissafin da ke jan hankalin mutane ba ƙarya ba ne, kuma kowa zai iya buga shi a bayan ambulan. Motar lantarki matsakaiciya, da na'urar sanyi a kunne kamar yadda zafin Kano ke tilastawa, tana cin kimanin yunit 18 na wuta a tafiyar kilomita 100. Tun watan Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga farashin wutar masu rukunin A daga kusan naira 68 zuwa 225, kafin ta ɗan sassauta zuwa sama da 200 kaɗan, yunit 18 zai kama naira dubu huɗu da 'yan kai idan aka haɗa haraji da abin da ke zirarewa wurin caji. Corolla mai lafiya, a cunkoson Kofar Mazugal ko Bata, za ta sha lita 9 a wannan tafiyar. In lita tana naira 900, an tashi a 8,100. Rabi ke nan. Ga kuma abubuwan da mai motar ya rabu da su: ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba kuloci, ba salansa, birki ma ya fi daɗewa domin motar na rage gudu da injinta tana mayar da ƙarfin cikin batir. A gosulo, inda motar fetur ke ƙona mai tana tsaye, ita ba ta cin komai sai na sanyi.

Sai dai rarar naira 4,000 a kilomita 100 tana da ma'ana ne gwargwadon tafiyar mutum. Ma'aikacin da ke zuwa sakatariyar Audu Bako daga Rijiyar Lemo ya dawo, ya ɗan kai yara makaranta, da wuya ya haura kilomita 10,000 a shekara. Rararsa naira 400,000 ce, a kan motar da kuɗinta ya kai gomman miliyoyi. Zai tsufa bai cike gurbin da ke tsakanin farashinta da na 'yar Kwatano mai tsafta ba. Direban da ke ɗaukar fasinja zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, ko motar kamfanin da ke rarraba kaya daga Sabon Gari zuwa Sharaɗa da Hotoro, mai cin kilomita 150 a yini kwana 300 a shekara, shi rararsa ta doshi naira miliyan biyu. Motar lantarki tana da tsadar saye da arhar tuƙi, saboda haka wanda ya fi tuƙa ta shi ya fi cin ribarta. Abin ban mamaki, irin waɗannan direbobi su ne ba su da kuɗin sayenta, masu kuɗin sayenta kuma su ne ba sa tuƙin da zai biya.

Duk wannan lissafi ya ratayu ne a kan kalma ɗaya, wuta. Rukunin A yana nufin alƙawarin awa 20 a rana, kuma ba kowace unguwa ce ke kan irin wannan layi ba. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 tana raba megawat dubu huɗu zuwa biyar, abin da ke isowa kamfanin rarraba wuta na KEDCO kuma, wanda ke ɗauke da Kano da Katsina da Jigawa, 'yan ɗaruruwa ne. Batirin Atto 3 yana ɗaukar yunit 60. A soket na ɗaki zai yi fiye da kwana guda bai cika ba. Da na'urar caji ta bango mai kilowat 7 zai cika a kamar awa tara, amma wannan na'ura tana jan wutar da ta kai ta na'urorin sanyaya ɗaki shida ko bakwai a lokaci guda. A unguwar da ake yin karo-karo gida-gida duk lokacin da taransifoma ta ƙone, mutum uku masu irin wannan mota a layi ɗaya sun isa jawo rigimar da sai an kai gaban mai unguwa. Ba a kuma manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna yake a lalace, na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, Arewa ta yi sama da mako guda cikin duhu. Mai motar fetur a makon nan ko 'yan bumburutu sun fitar da shi kunya. Mai ta lantarki kuwa sai janareta, kuma nan ne ribar ke ƙonewa ƙurmus: ƙaramin janareta na fetur ba ya ba da abin da ya wuce yunit biyu a lita, don haka yunit 18 zai ci lita tara ko fiye, daidai abin da Corolla za ta sha ba tare da an sayi sabuwar mota ba.

Akwai kuma wata matsala da masu tallar motar a Turai ba su san da ita ba. Gidaje da yawa a Fagge da Rijiyar Lemo a cikin lungu suke, inda mota ba ta shiga. Da dare ana kai ta gidan mai ko wani fili mai katanga, a biya maigadi, da safe a taka a ɗauko. Motar da ke kwana nesa da mitar mai ita ba za ta kwana a kan caji ba.

Maganin wannan yana sama da kawunanmu, kuma Kano ta riga ta gwada shi. Tun 2018 shaguna a kasuwar Sabon Gari suka fara samun wutar sola ƙarƙashin shirin hukumar samar da wuta a karkara, REA, ɗan kasuwa na biyan kuɗin abin da ya sha maimakon hayaƙin janareta. Jami'ar Bayero ta samu tashar megawat 7.1 a 2019, an kuma buɗe ta megawat 10 a Kumbotso a Janairun 2023. Farantan sola na kilowat 5 a ranar Kano za su ba da yunit 20 ko fiye a yini, tafiyar sama da kilomita 100 ke nan. Sharaɗin kawai shi ne motar ta kasance a tsaye a gindin farantan da rana tsaka. In aka ce sai an tara wutar a batirin gida a juye wa mota da dare, an sayi batir biyu don aikin ɗaya. Ma'ana, wurin cajin da ya dace da Kano shi ne rumfar ajiye motoci ta kasuwa, harabar ma'aikata, asibiti, tasha, wuraren da mota ke yini. Irin wannan jari ba na mutum ɗaya mai mota ɗaya ba ne. Na mai motoci ashirin ko hamsin ne, wanda zai raba kuɗin rumfar a kansu.

Dalilin da ya fi kowanne nauyi a ganina shi ne matsayin mota a tattalin Bakano. A nan mota kadara ce. Ɗan kasuwa yana sayen Camry ko Hilux yana sane cewa ranar da kaya suka iso tashar ruwa kuɗi suka gaza, ko aka tashi aurar da 'ya, zai kira dillali kafin la'asar a kawo masa kuɗi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta wuce 1,500, mutane da yawa sun sayar da tsofaffin motocinsu sama da yadda suka saya. Motar lantarki ba ta bin wannan ƙa'ida. Kowace sabuwar ƙira tana zuwa da batir mafi nisan zango a farashi mafi sauƙi, sai ta karya darajar ta bara. Kamfanin ba da hayar motoci na Hertz a Amurka ya ɗanɗana wannan: bayan Tesla ta yi ta zaftare farashi a 2023, a Janairun 2024 ya sanar zai sayar da motocin lantarki 20,000, saboda faɗuwar daraja da tsadar gyara. Wannan a ƙasar da ke da masu saye na hannu da na'urorin auna lafiyar batir ke nan. Dillalin Kano yana gane inji da kunne, ya buɗe bonet ya duba baƙin mai, ya leƙa salansa, ya faɗi kuɗi. Batir ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, kuma shi ne kaso mafi tsoka na kuɗin motar. Ko a farashin masana'anta na 2024, kimanin dala 115 kowane yunit, batir mai yunit 60 ya doshi dala 7,000, sama da naira miliyan goma a canjin kasuwar Wapa na wancan lokacin, kafin a yi maganar jirgi da kwastam. Dillalin da ba zai iya tantance lafiyar abu mai wannan tsada ba zai yi tayin wulaƙanci ne, ko ya ce ba ya ciki.

Zafi ma yana da ta cewa. A watan Afrilu ma'aunin Kano yana haura 40, batir kuma zafi ne babban abokin gabarsa. Nissan Leaf ta farko, wadda batirinta ba shi da ruwan sanyaya, ta jawo ƙorafi a jihar Arizona mai zafi a 2012 saboda saurin raguwar ƙarfinsa. Sababbin motoci sun gyara wannan da yawa, nau'in batirin LFP da BYD ke amfani da shi kuma ya fi juriya, yawancin kamfanoni na ba da garantin shekara takwas. Amma garanti takarda ce da ke aiki inda akwai wakilin da zai karɓe ta. Wanda ya sa aka sayo masa mota daga Dubai ko Guangzhou ta hannun ɗan'uwa, ba shi da wurin kai kuka. A kasuwar Kofar Ruwa, wadda ba ta da nisa da Rijiyar Lemo, za ka samu giya da injin Toyota na kowace shekara a jere a ƙasa, yaro ya ruga ya kawo maka fitilar da kake nema kafin shayinka ya huce. Tambayi inbatar motar lantarki ka ga yadda za a dube ka. Makanikan Kano ba su da kasala wurin koyo, sun koyi motocin kwamfuta, sun koyi gyaran waya a Farm Centre, wannan ma za su koya. Kafin nan dai, mai rewaya da ya saba da batir mai bolt 12 bai kamata ya sa hannu a tsarin da ke ɗauke da bolt 400 ba, domin wannan kuskure ne da ba a maimaitawa.

Idan aka haɗa waɗannan, haɗari uku ne ke tattare da motar: na wuta, na gyara, da na faɗuwar daraja. Dukkansu sun fi ƙarfin mutum ɗaya, dukkansu kuma kamfani mai motoci da yawa zai iya ɗauka, domin yana da rumfar caji, yana da makaniken da ya tura horo, yana ajiye kayan gyara, batir ɗaya in ya mutu cikin hamsin bai durƙusar da shi ba. Haya ita ce hanyar mayar da haɗarin wurin wanda zai iya da shi. Kuma ba sabon abu ba ne a garin nan. Tun da aka hana acaɓa a Janairun 2013, dubban adaidaita sahu da ke yawo a Kano ba na matuƙansu ba ne. Wani ne ya saya, direba na kawo balas kullum ko duk mako, wani lokaci da sharaɗin in ya gama biya babur ya zama nasa. A wasu ƙasashen Afirka an ɗora motar lantarki a kan irin wannan tsari: BasiGo a Kenya yana ba masu bas mota su biya gwargwadon kilomitar da suka yi, caji da gyara na cikin kuɗin, Ampersand a Ruwanda da Spiro a Benin da Togo suna riƙe batirin babur, ɗan acaɓa ya kawo wanda ya ƙare a musanya masa da cikakke cikin 'yan mintuna.

Za a ce zanen aro ba ya rufe katara, mutum ya shekara uku yana biya ya tashi ba shi da ko taya. Maganar tana da ƙarfi idan abin da ake haya yana riƙe darajarsa, kamar gida ko fili. Ga abin da darajarsa ke zubewa kuma babu kasuwar sayar da shi, mallaka ce ke barin mutum a tsiraice. Wanda ya karɓi haya ya riƙe jarinsa a cikin atamfa ko hatsi yana juyawa. Wanda ya saya ya daskarar da shi a cikin batirin da ba wanda zai taya. Za a kuma kawo maganar riba, kuma dole a kawo ta, tun da kuɗin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, na bankunan kasuwanci kuma ya fi haka, ga haramcin da ya hana mutane da yawa kusantar bashin banki ko da da arha ne. To amma ijara, wato haya a tsarin Musulunci, ba bashi ba ce. Malaman fiƙihu sun daɗe da tsara ta, bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da reshe a Kano, da TAJ da Lotus da suka biyo baya, duk suna aiki da ita. Ƙa'idarta ta dace da motar lantarki kamar don ita aka yi: mai kaya shi ke ɗaukar babban gyara da takaful da asarar da ba ta sakacin mai haya ba ce, kuɗin haya kuma yana tsayawa idan abin ya daina amfani. In batir ya mutu, a shari'ance matsalar mai mota ce. Najeriya tana da dokar hayar kayan aiki tun 2015, don haka ba a rasa madogara a kotu ba.

Ƙorafin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na zalunci. Kowa ya san labarin ɗan adaidaitan da aka ɗora wa kusan ninkin kuɗin babur, ya biya kaso mafi yawa, ya yi jinyar wata guda, aka ƙwace babur ba a mayar masa da ko kwabo ba. Motar lantarki za ta iya tsananta wannan, domin mai ita yana iya kashe ta daga ofishinsa ta intanet. Wannan ba hujjar gudun haya ba ce, hujjar rubuta ta da kyau ce. Yarjejeniyar da ta amsa sunanta za ta faɗi ƙarfin batir ranar karɓa da matakin da in ya sauka ƙasa da shi kamfani zai canza, galibi kashi 70 cikin ɗari kamar yadda garantin masana'antu ke cewa. Za ta faɗi kilomitar da aka yarda a shekara da kuɗin abin da ya haura, da kwanakin da mota za ta yi a gareji kafin a ba da wata, da wa'adin da za a ɗaga wa wanda ya makara biya. Sama da duka, kuɗin ya kasance a naira, tsayayye. Hayar da aka ɗaure da dala ta mayar wa direba haɗarin da aka ce an ɗauke masa.

Masu goyon bayan iskar gas ta CNG za su ce me ya kai mu wannan dogon zance, alhali da kuɗi kaɗan za a juya motar da mutum yake da ita. Ga mai tsohuwar mota da ke doguwar tafiya, suna da gaskiya, musamman idan bututun AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ya fara kawo gas Kano. Haka ma mai zuwa Abuja duk mako: tafiyar ta haura kilomita 400, daidai iyakar abin da aka rubuta wa Atto 3 a takarda, kuma da gudu da sanyi a kunne ba za ta kai ba sai an tsaya caji. Katsina, mai nisan kilomita 170 ko kusa, za a je lafiya, dawowar ce ke buƙatar shiri. Motar lantarki a yau ta cikin gari ce. Habasha, da ta hana shigo da motocin fetur na gida a 2024, ta yi haka ne da madatsar ruwa mai megawat sama da 5,000 a bayanta. Mu ba mu da wannan, shi ya sa namu sai an bi ta rumfa-rumfa.

Akwai wanda saye ya dace da shi: mai gida da gareji da sola mai yalwa, mai wata motar ta fetur a gefe, wanda asarar rabin kuɗin motar ba za ta hana shi barci ba, kuma ya saya daga wakilin da zai amsa waya bayan shekara biyar. Irinsu ba su da yawa, ba kuma su ne za su buɗe kasuwar ba. Motocin haya ne za su buɗe ta. Bayan shekara uku ko huɗu za su fara dawowa hannun kamfanoni, kowace da tarihin cajinta da takardar lafiyar batirinta, da makanikan da suka saba da ita, da kayan gyaran da suka fara taruwa a Kofar Ruwa. A lokacin ne dillali zai samu abin da zai dogara da shi ya yanke farashi, malamin makaranta a Kurna kuma ya iya sayen ta hannu da kuɗin da bai wuce na 'yar Kwatano ba.